Ranar da Suruki Ya Zauna a Kan Wayoyi

Cikin duk ranakun da na yi a wannan sana'a, akwai wata Talata da ba na jin zan taɓa mantawa da ita: ranar da aka kira ni gyaran intanet a wani gida a Lugbe, na ƙare da neman aron tukunya.

Ku da kuka same ni a shagon nan kun san ni da Baba Injiniya, amma ba da gyaran intanet na gidaje na fara ba. Ƙuruciyata a ɗakunan sadarwa na ofisoshin jakadanci na yi ta, daga Khartum zuwa Dakar, daga nan Jamus, na ƙarasa a Indiya. Da na yi ritaya zaman gida ya gagare ni, shi ne na shigo cikinku. Na ga lalacewar na'ura iri-iri: wadda zafi ya kashe, wadda ɓera ya ci, har wadda biri ya tsinke wa waya a kan rufi. Amma wadda kunya ta tsayar, sai a Lugbe na gan ta.

Mai gidan, Alhaji Kabiru, mataimakin darakta ne a wata ma'aikata. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, wannan matsayi ne da mutum ke da ofis nasa da sakatare, amma har yanzu yana miƙewa tsaye in wayar darakta ta shigo. Ya nemi wani babban aiki a wata hukuma ta ƙasa da ƙasa, ya tsallake matakan farko, saura intabiyu ta ƙarshe. Masu tambayar suna can ƙasar waje, za su gan shi ta bidiyo da ƙarfe biyu na rana. Sun gindaya sharuɗɗa: ɗaki a rufe, shi kaɗai, kuma ta kwamfutar da aka riga aka sa wa manhajarsu, wato laftof ɗinsa ta ofis. Wanda bai bayyana a kan lokaci ba, sun ce ya janye da kansa.

Da hantsi ya kira ni.

"Baba Injiniya, kana ina? Laftof ta ƙi shiga intanet. Tana nuna ta kama wayifai, amma ba abin da ke buɗewa. Don Allah ko me kake yi ka ajiye."

Na yi sa'a ina wani aiki a nan kusa. Da daga cikin gari zan taso da ban iso ba, don an tsare titin filin jirgi ana jiran wucewar wani babba, motoci sun yi cirko-cirko kamar an shanya su. Wannan ne kuma ya hana Alhaji tunanin gudu ofis.

Tun daga ƙofa na ga alamar gidan ba yadda na san shi yake ba. Takalma ne tuli guda, na maza da na mata da na yara, wani kan wani. Rago na ɗaure a gindin mangwaro, hayaƙi na tashi a bayan gida. Ashe uwargidansa, Hajiya Binta, ta haihu bayan ta daɗe rabonta da haihuwa, washegari suna, danginta kuwa sun taso daga Funtuwa mota-mota.

Alhaji ya ja ni ta ƙofar baya zuwa ɗan ɗakin karatunsa. Ya sha babbar riga da hula tun da wuri, gumi ya jiƙa masa wuya.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Duk na'urar da ke son shiga intanet a cikin gida, waya ce ko kwamfuta, sai akwatin nan da muke kira rauta ya ba ta lamba, wato adireshi. Aro ne ba kyauta ba. Yana ba ta na wani wa'adi, in ya cika ta sabunta, in kuma aka neme ta ba ta nan, ya ba wani. Na'urar da ba ta da adireshi, ko ta kama wayifai, kamar baƙo ne da ya shigo gidan biki ba wanda ya san da shi: yana ciki, amma ba za a kawo masa abinci ba.

Na bi matakai yadda nake koya muku. Na kashe wayifai na kunna. Na kashe kwamfutar na kunna. Na buɗe baƙin allon da muke rubuta umarni, na sa ta saki adireshin da take riƙe da shi, sannan na rubuta ipconfig /renew, wato ta roƙi sabo. Ta yi shiru tana tunani, kamar ma'aikacin da aka tambaya ina fayil. Can ta amsa cewa ta kasa samun mai rabon adireshi, ta gaji da jira. Da na duba, sai na ga ta ba kanta wata lamba mai farawa da 169. Haka suke yi in an ƙi kula su, su naɗa wa kansu sarautar da ba wanda ya san da ita.

Na gwada wayata. Ita ma ta kama wayifai, ta tsaya a bakin ƙofa. Wayar Alhaji ma haka, tun da ya je Karshi sayen rago ya dawo. To, laifin ba na laftof ba ne. Na leƙa falo na duba rauta a kan kabad: fitilunsa duk kore, lafiya lau. Ta taga kuma ina hango wata baiwar Allah a tsakar gida tana nuna wa 'yar'uwarta jariri ta bidiyo, hoto tar, ba ko gargada.

Wasu na samu, wasu ba sa samu. Sai takalman ƙofa suka faɗo mini a rai.

"Alhaji, mutum nawa ka ba faswod, kalmar sirrin shiga wayifai?"

"Kowa mana. Ka san kwarin nan namu ba sabis. Baƙo ya zo ya kasa kiran gida? Ana ba shi ruwa ake gaya masa."

"Wanda ya haɗa maka rautan nan, ka taɓa ce masa ya taƙaita masu shiga?"

Ya dafe goshi. "Na ce masa mu ba mu da yawa, ya bar wurin na'ura goma, kada maƙwabta su riƙa sha mana."

Ga ciwon nan. Wuri goma, baƙi sun fi ƙarfin lissafi, kuma wasunsu waya biyu-biyu. Duk adireshin da ya kuɓuce wa wani, kafin ya faɗi ƙasa an cafe.

Gyaran wannan a takarda bai kai shan ruwa wuya ba: ka shiga cikin rauta ka ƙara wurare. Amma wanda ya haɗa ya canza kalmar sirrin shiga, ya kuma tafi Kanada da ita a kansa. In na danna maɓallin da ke mayar da akwatin sabo, saitin kamfani zai goge, gidan gaba ɗaya ya mutu sai sun turo mutum, su kuwa gobensu takan kai mako. Na ce to in rubuta wa laftof adireshi da hannu. Ma'aikata ta kulle wurin. Na ce in jona ta da rauta kai tsaye da igiya. Ba ta da ramin, kuma ramukan da take da su ma an toshe su, wai don tsaro. Na taɓa aiki da Jamusawa, na san kulle-kulle, amma su sukan bar maka lambar wanda ke riƙe da mabuɗi. Namu mai mabuɗin ya tafi kwas. Muka aika maƙwabta neman aron wayifai, aka tarar da maigadi da kare, oga ya yi tafiya.

Saura dabara ɗaya. Irin wannan ƙaramin rauta in ka cire masa wuta ka mayar, yakan manta wa ya ba me, ya fara rabo daga farko. Na gwada. Kafin laftof ta gama miƙa, wayoyin baƙi sun cinye wuraren tas. Na sake, haka. Tseren tsoho da jikokinsa ne, kowa ya san wanda zai ci.

"Alhaji, magani ɗaya ne. A ce wa kowa ya kashe wayarsa na ɗan lokaci. Da zarar laftof ta samu nata, shi ke nan."

Ya dube ni kamar na ce ya saki Hajiya.

"Baba Injiniya, dangin matata ne fa. Mahaifinta na falo. In fita in ce musu me? Su koma Funtuwa a ce sun zo suna na ƙwace musu waya?"

"Ni sai in faɗa."

"Kai ai ni na kira ka. Bakinka bakina ne."

"A gaya wa Hajiya ta gaya musu."

"Mai jego? A ce na tashe ta kan intanet? A'a. Ka yi mini alkawari ba wanda zai ji. Wallahi gara aikin ya wuce."

Kuma da gaske yake. Na zauna da mutane iri-iri. A Jamus na ga mutum ya sa wa ƙaninsa lokacin da zai sauka daga intanet ɗinsa, suka ci abinci tare lafiya. A Dakar ana karrama baƙo kamar mu, amma mai gida zai tsaya tsakar gida ya yi ta faɗa cikin raha har kowa ya kashe yana dariya. Namu kuwa, ga mutum da digiri biyu, ya shirya amsa tambayoyin manyan duniya, amma ya kasa tsallaka falonsa.

Sai na ji kiran sallar azahar daga masallacin unguwa, na ce Allah ya kawo mafita. Maza za su tafi masallaci da wayoyinsu a aljihu, masallacin kuma ya yi wa wayifai nisa. In suka fita in cire wuta in mayar, sauran na mata kaɗai, wataƙila laftof ta samu shiga. Na gaya wa Alhaji, har ya yi murmushi.

Ana cikin alwala aka kawo wuta.

Tun jiya gidan a kan batir yake, wanda ba ya ɗaukar komai sai rauta da fanka. Kun san abin da ke faruwa in aka kawo wuta a gidan taro. Na ji ana "An kawo! An kawo!", maza suka yo falo da guntun ruwa a gemu, kowa da cajarsa. Suka jona, suka jera wayoyi a ƙarƙashin kabad, daidai gindin rauta, kamar 'yan kaji a ƙarƙashin uwarsu, suka fice masallaci hannu rabbana.

Na tsaya a kansu ina kallo. Ban san na yi tsaki ba sai da na ji murya a bayana.

"Bawan Allah, tun ɗazu kake safa da marwa tsakanin akwatin nan da ɗakin can. Lafiya?"

Alhaji Sule ne, mahaifin Hajiya, tsohon ɗan kasuwar hatsi. Gwiwa ta hana shi zuwa masallaci, ya idar da sallarsa a zaune. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma idonsa bai tsufa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ɗan gyara ne.

"Gyara ne ya sa yaron nan ya sa babbar riga tun safe ya ɓuya a ɗaki? Ko abinci bai ci ba. Ni na haifi matarsa, ka gaya mini."

Na yi alkawari, gaskiya ne. Amma na auna: mai furfura ya tambayi mai furfura, yana kan dardumar salla, ga agogo na tafiya. Na ce a raina, ni dai ba 'yarsa nake aure ba.

"Ranka ya daɗe, akwatin nan kamar sarkin kasuwa ne, rumfa goma gare shi. Baƙi sun zo sun kama duka. Mai kasuwar kuma yau yake da babban ciniki, irin wanda ba ya dawowa, ya zo ya tarar ba inda zai shimfiɗa kayansa."

"Ya tashi wani mana."

"Masu rumfunan mutanenka ne."

Ya dubi wayoyin, ya dubi ƙofar ɗakin karatu. Sannan ya laluba aljihu ya fito da tasa, wata babba da aka saya masa, ya miƙo mini kamar ta ƙona shi.

"Har da wannan?"

"Wataƙila ita ce ta fi kowa daɗewa a rumfa."

"Innalillahi. To kashe su duka."

Na ce masa wasu ba a iya kashe su sai da lambar mai su, ga na mata a ciki, kuma ko an kashe, masu su na dawowa za su kunna. Sai na tuna da wani abu. A ofisoshin jakadanci, in za a yi taron sirri, akwai akwatin ƙarfe da kowa ke jefa wayarsa a rufe, don ƙarfe ba ya barin sigina ta shiga ko ta fita. Na ce da za a samu wani abu na ƙarfe, babba, mai murfi.

Ya ɗaga murya. "Gwaggon yara! Hauwa!"

Ƙanwarsa ce, dattijuwa gajera mai kaifin baki, ita ke jan ragamar girkin suna. Ta leƙo da ludayi a hannu.

"Tukunyar shinkafar gobe, an ɗora ta?"

"Yanzu aka wanke ta, Yaya."

"A goge a kawo nan. Ki ɗauki faranti ki karɓo mini wayar kowace mace a gidan nan."

"In ce musu me?"

"Ki ce ni na ce."

Abin da ta je ta ce, daga baya na ji, shi ne Alhaji Sule zai yi wa wayoyi addu'a. Faranti ya dawo a cike har da ƙari. Wata ta haɗo da tsohuwar wayarta da ta daɗe da mutuwa, ko Allah zai sa a dace.

Mata biyu suka cicciɓo tukunyar, irin ta dalma da ake dafa buhu guda a ciki. Muka shimfiɗa tawul, muka jera wayoyi, na maza da na mata, muka rufe. Na ce murfin yana son a danne shi sosai. Alhaji Sule ya ce a ninka masa darduma a kai. Ya dafa kafaɗata ya tashi, ya zauna daram, ya gyara riga.

"Ka ga wannan ta fi kujerun gidan nan. Su in ka zauna sai sun haɗiye ka."

Na cire wa rauta wuta, na mayar, na ruga ɗakin karatu, in dai abin da nake yi a shekaruna ana kiransa gudu. Na sake rubuta umarnin. Wannan karon ko numfashi ba ta ja ba, adireshi ya fito, na gaske, mai farawa da 192. Shafin hukumar ya buɗe. Lokaci ya rage kaɗan ƙwarai.

"Yaya ka yi?" in ji Alhaji Kabiru.

"Gyara hularka. Bismillah." Na ja masa ƙofa.

Na koma na gaya wa dattijo an dace, laftof ta kama rumfarta, yanzu ko an saki wayoyin ba mai ƙwace mata.

"Ba za su rage masa ƙarfi ba in suka hau kallon shirmensu?"

"Za su ɗan rage."

"To ba mai fita sai ya fito."

Maza suka dawo daga masallaci suka tarar da igiyoyin caji na reto, ba ko waya ɗaya. Aka fara lalube, ana kallon juna, har wani ya ambaci ɓarawo. Gwaggo Hauwa ta nuna tukunya da ludayi. Ga Alhaji Sule zaune a kanta. Dukansu 'ya'yansa ne ko 'ya'yan ƙannensa, wa zai ce masa tashi? Kunyar da ta ɗaure mai gida tun safe, ita ce yanzu ta ɗaure baƙi. Wani mai suna Nura, mai wayoyi uku da tabarau a goshi, ya daure ya matso ya tsuguna.

"Baba, akwai wani oga da ya ce zai kira ni yau kan wata kwangila."

"Tun aurenka nake jin labarin ogan nan. Ƙara masa awa ɗaya."

Wata daga ƙofa ta tambaya ko an gama addu'ar. Ya ce tukuna, mai tsawo ce.

Haka muka zauna. Ya tambaye ni yadda Indiyawa ke adana hatsi, na gaya masa abin da na gani, ya ce ba su iya ba. Can sai muka ji ƙofa ta buɗe, Alhaji Kabiru ya taho da sauri, ya manta da ƙofar baya, yana cewa, "Baba Injiniya, wallahi kai ne..." Ya shigo falo. Ya ga jama'a jigum. Ya ga igiyoyi. Ya ga surukinsa a kan tukunya. Na ga lokacin da lissafin ya haɗu a fuskarsa. Ya zame takalmi ya durƙushe a bakin ƙofa, kai a ƙasa.

Alhaji Sule bai dube shi ba. Ni ya duba.

"Injiniya, tambaye shi, cinikin ya faɗa?"

Na juya na tambaye shi, ko da yake tsakaninsu bai fi tabarma ɗaya ba.

"Ka gaya wa Baba, alhamdulillahi, an yi lafiya. Sun ce za a ji daga gare su."

Na juya na gaya wa Baba.

"Ka gaya masa, baƙon da ya cinye abincin mai gida har mai gida ya kwana da yunwa, ba baƙo ba ne, fara ce. Gobe in mun zame masa fara, ya aiko a gaya mini."

Na isar. Alhaji Kabiru ya ce in gaya wa Baba ai gidansa ne. Baba ya ce in gaya masa ya je ya ci abinci. Na yi tafinta tsakanin Larabawa da Faransawa, na yi tsakanin Bature da Bahaushe, amma ranar ce kaɗai na yi tafinta daga Hausa zuwa Hausa, kuma ba na jin na taɓa yin wadda ta fi ta amfani.

Aka ɗaga dattijo, aka buɗe tukunya, kowa ya tsinci tasa. Mai matacciyar waya ta danna ta danna, ta ce wataƙila sai an maimaita.

Alhaji Kabiru ya samu aikin. Maganar alkawarin da na karya kuwa, bai taɓa tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi nake so ku riƙe. In kwamfuta ta ce ta kasa samun mai rabon adireshi, ku bi matakanku, amma kada ku tsaya a kan allo. Ku ɗaga kai ku dubi gidan: su wa ke ciki, kuma wa mai gida ba ya iya yi wa magana. Waɗanda suka ƙera akwatunan nan sun ƙera su ne don gidan da ake sanin yawan mutanensa. Mu kuwa mai gida kansa bai san nawa za su kwana ba sai an rufe ƙofa.

Bayan suna kamfani ya turo mutum, muka mayar da rautan sabo, na zauna zan ƙara wurare. Na tambayi Alhaji nawa zan sa.

"Iyakarsa nawa?"

"Ya haura ɗari biyu."

Ya kalli rufi, leɓɓansa na motsi.

"Baba Injiniya, anya zai isa? Bayan Sallah akwai bikin ƙanwar Hajiya."